Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

Farin gari na gani a gindin ƙaramin turmin da Umma take daka citta da kanumfari. Kaɗan ne, ya maƙale a tsagar da turmin ya yi tun ranar da ya faɗo daga kan katanga. Ranar Talata ce da hantsi, na ɗauko shi zan daka tafarnuwar miya. Na dangwala da yatsa na kai baki. Ba gishiri ba ne, ba kanwa ba ce. Ɗaci ne irin wanda yake zama a maƙogwaro ya ƙi tafiya.

Nan take na gane ko mene ne. Maganin sugan Baba ne. Na wanke turmin tas, na daka tafarnuwata, na ɗora miya, ban ce wa kowa uffan ba.

'Yan uwa, ku riƙe wannan shirun, daga gare shi komai ya taso. Da yawanku kuna rubuto mini cewa ni Naja'atu baiwar Allah ce, kunyata ce take burge ku. To yau za ku ji abin da kunyar ta haifa, in kun ga dama ku ci gaba da yabo.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, a nan Gumel. Babana, Malam Ishaƙ, tsohon hedimasta ne, kuma shi ke limancin masallacin layinmu shekara goma sha ɗaya. Tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba. "Yarinyar nan" nake a bakinsa, a bakin Umma kuwa "ke". Ƙannena suna shiga ɗakinsa su kwashi dabino su fito, ni kuwa a bakin ƙofa nake durƙusawa, in gaishe shi, ya ce Allah ya yi albarka, in tashi. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taso muka tarar. Shekara huɗu na yi a jami'a a Dutse ina karanta ilimin halittu, yanzu ma shi nake koyarwa. Ina iya zana hanjin ɗan Adam a kan allo, in bi shi da alli tun daga baki har inda ya ƙare, a gaban ɗalibai arba'in. Amma ku ce in furta kalmar bayan gida a gaban Baba, gara ku ce in haɗiye allin.

Shekara uku ke nan da aka gano Baba yana da ciwon suga. Ƙwayar da aka ɗora shi a kai fara ce, ɗaya da safe ɗaya da dare, tare da abinci. Tana sauke sugan, ba a ce ba. Sai dai ta mayar da cikinsa kamar hadarin Agusta: ƙugi, kumburi, wata rana zawo. Ga mutumin da ke tsayawa gaban sahu sau biyar a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alwalarsa ba ta kai shi daga ƙofar gida zuwa masallaci cikin kwanciyar hankali. Sai ya fara tsallake ta safe a ɓoye, har ranar da aka gwada shi a asibiti aka ga sugan ya hau. Likita ya tambaye shi, ya faɗi gaskiya. Likitan ya ce akwai irin maganin nan dai, amma wanda aka yi shi ya riƙa narkewa a hankali, yawancin mutane cikinsu ya fi karɓarsa. Ya rubuta. Aka duba ɗakin maganin asibitin, a lokacin babu.

A nan Abdurra'uf ya shigo.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai nemana. Ɗan Maigatari ne, can bakin boda, ya karanta aikin haɗa magunguna, yana da kantin magani a bayan kasuwa. Duk Juma'a bayan La'asar yake zuwa a babur, da kaftaninsa mai ruwan toka da biro a aljihun gaba, kamar wanda za a ce ya sa hannu a wata takarda. Ba shi da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa zancenmu na zaure rabinsa shiru ne, sai ya koma gida mu cika wa juna waya da saƙonni. An riga an tsayar manyansa za su kawo gaisuwa ƙarshen wata.

Shi ya ɗauki hoton takardar likitan, ya sa aka kawo maganin daga Kano, ya miƙo mini kwalin a zaure cikin farar leda. Bai kai gida ba saƙonsa ya shigo. Har yanzu yana cikin wayata, ga shi yadda ya rubuta:

"Naja, maganin ɗaya ne da na da, aikinsu a jiki ɗaya. Bambancin kawai, na da yana narkewa gaba ɗaya da ya shiga ciki, shi ya sa yake dama hanji. Wannan kaɗan-kaɗan yake sakin maganin har gobe. Sau ɗaya ake sha, da abincin dare."

Sai na biyu ya biyo.

"Abu biyu kar ki manta. Na ɗaya, a haɗiye shi yadda yake, kar a tauna, kar a raba, kar a daka. Na biyu, ki gafarce ni, wata rana zai iya ganin kamar ƙwayar ta fito a bayan gida ba ta narke ba. Ɓawon ne kawai, maganin ya riga ya fice daga ciki. Kin san ba ni da bakin faɗa wa surukina wannan. Ke ce 'yar gida."

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, na ce wato ni ce mai bakin. Na yafa mayafi, na je na durƙusa a ƙofar Baba, na ajiye kwalin a gefen buzunsa. Na ce an ce sau ɗaya ne, da abincin dare. Ya juya kwalin yana karantawa ta saman tabarau, ya ce to, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Na buɗe baki zan ƙara, kunya ta hana ni faɗin sauran maganar. Na tashi.

Za ku ce me ya hana ni faɗa wa Umma. Na yi niyya. Na same ta tana tsince zoɓo a faranti, na zauna kusa da ita har ta gama, na kasa. Maganar bayan gidan mijinta ce, daga bakin 'yarta ta fari, kuma saƙon saurayi. Na ce a raina ai Baba haɗiye ƙwayarsa yake yi tun asali, wa zai daka? Ɗaya maganar kuwa wataƙila ba za ta taɓa faruwa ba.

Wayata ta yi ƙara, saƙon Abdurra'uf ne.

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Duka?"

Na daɗe ina kallon kalmar. Sannan na rubuta: "Duka."

Sati uku gidanmu ya yi daɗi. Cikin Baba ya lafa. Na'urar gwajin da muke ajiyewa cikin gwangwanin alawa tana nuna abin da likita yake so duk safiya. Muryarsa ta dawo da ƙarfinta a lasifikar masallaci, har ya koma jan doguwar sura a Asuba, maƙwabta suna tsokanar Umma wai Malam ya sake jini. Ni kuma na manta da ƙaryata, ko in ce na binne ta na zauna a kai.

Sai ga farin gari a turmi.

Da yammacin Talatar na ji Umma a waya da yayanta, Kawu Sha'aibu na Gagarawa Tasha, ta shige bayan ɗakin girki ta rage murya. Daga abin da na tsinta, Baba ya ga abin da Abdurra'uf ya ce zai iya gani. Bara aka gina masa banɗaki na tangaran saboda gwiwarsa, da masai ne irin na da, da ba wanda zai ga komai. Ya gani sau biyu, ya faɗa wa Umma. Ita kuma ta yi irin tunanin da duk macen da ta tashi tana daka sassaƙe da saiwa za ta yi: maganin da bai narke ba bai yi aiki ba, to a taimaka masa. Kwana biyu ke nan tana daka ƙwayar tana zuba masa a cokalin nono.

Ni na san abin da hakan yake nufi. Abin da aka tsara ya shiga jiki cikin yini da kwana, shi ake juye masa a lokaci guda, ga shi ya fi tsohuwar ƙwayar yawa. Cikin ya dawo, ya ma fi na da. Ina jin buta tana kai da kawowa.

Kun san abin da mai digirin ta yi? Ranar Laraba na ɗauke turmin na ɓoye shi bayan buhun gero. Umma ta neme shi ta gaji, ta murƙushe ƙwayar da gindin kwalba a kan faranti. Ina tsaye ina wanke kwanuka, ina jin ƙarar.

Ranar Alhamis a sallar La'asar, cikin raka'a ta biyu, Baba ya ja hannun ladan, Malam Manu, ya tsayar da shi a gaba, shi kuma ya ratsa sahu uku ya fito yana riƙe da hancinsa kamar mai haɓo, yadda malamai suka koyar a yi don a suturta kai. Kowa a layin ya san ba haɓo ba ne. Ya shigo gida bai kalli kowa ba. Magariba da Isha'i a ɗaki ya yi su. Karo na farko da na ji muryar wani a lasifikar alhali Baba yana gari.

Juma'a Kawu ya iso tun kafin a sauko daga masallaci, da rigarsa mai ƙurar mota da buhun riɗi na tsaraba. Kawu manomi ne, baki gare shi kamar reza, kuma tun da Baba ba shi da ɗan'uwa namiji a raye, maganarsa a kan aurena tana da nauyi. Tun farko bai yi na'am da Abdurra'uf ba. Cewa yake duk abin da ya kwana a bakin boda sai an wanke shi sau bakwai. Shi ma yana da sugan, irin ƙwayar Baba ta da yake sha, a ƙulle cikin leda a aljihunsa.

Duk da na san abin da ke tafe, sai da na yi kwalliya. Na sa atamfata mai ruwan ganye da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye ruwa. Ban san me nake tsammani ba. Da na ji tsayuwar baburinsa, kafin in fito Kawu ya riga ni, ya ce ya shigo ciki Malam yana son ganinsa. Ya tuɓe takalmansa a zaure. Na juya masa su suna kallon waje kamar kullum.

Kawu ya sa na kawo tambulan biyu da ruwa a tire. Na ajiye a tsakiyar ɗakin Baba, na koma bakin ƙofa na raɓe. Baba yana jingine da bango, ya rame a kwana huɗu, carbi a hannu. Umma tana bayan labule. Abdurra'uf ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, yana tambayar jiki, domin ni na ce masa zazzaɓi ne.

"Likitan bakin boda," in ji Kawu, "yau ni zan ba ka karatu."

Ya kwance ledarsa ya jefa ƙwayarsa a tambulan ɗaya. Ya ɓallo ta Baba daga kati ya jefa a ɗayan. Ya zaro tsinken tsintsiya yana juya wannan, yana juya wancan, yana ba da labarin wani mutumin Sule Tankarkar da aka sayar wa alli a matsayin maganin hawan jini. Ba a jima ba tasa ta fara zubewa, ta zama gari a gindin ruwan. Ta Baba kuwa sai kumbura ta yi, ta yi yauƙi a jiki kamar an yanka kuɓewa, tana nan zaune. Kawu ya ɗaga tambulan ɗin sama ya nuna wa kowa.

Abdurra'uf bai ji haushi ba, har ɗan murmushi ya yi. Ya ce ai gwajin Kawu shaida ce a gare shi, domin haka aka yi ta ta yi. Ya ce su biyun magani ɗaya ne, babu wanda ya fi wani ƙarfi, wanda cikinsa ya karɓi na Kawu ba shi da dalilin canjawa. Sannan ya ce Kawu manomi ne, ya san takin buhu: ruwa yana sauka ganye ya yi kore, in ya yi yawa ya ƙone shuka. Takin shanu kuwa a hankali ƙasa take cin sa har kaka. Duka taki ne.

"Takin shanu ba ya dawowa daga gona yadda aka kai shi," in ji Kawu.

Daga nan ya faɗi abin da Baba ya gani, ɓaro-ɓaro, ba sakaye. Baba ya runtse ido. Abdurra'uf ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya ce ɓawon ne kawai. Kawu ya ce ɓawon da sai da 'yar'uwarsa ta riƙa sa shi a turmi, shi ma ɗin bai haifar da komai ba sai abin kunya a gaban jama'a.

Abdurra'uf ya ɗago.

"Dakawa aka yi?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya yi saurin mayar da ita ƙasa, ya ce dakawar ce ta tayar da cikin, kuma shi tun ranar farko ya aiko da bayanin duka biyun, na dakawar da na ɓawon.

Sai a lokacin Baba ya yi magana.

"Ta hannun wa ka aiko?"

Abdurra'uf ya mayar da kansa ƙasa. Bai ko waiwayo inda nake ba. Kawu ne ya juyo.

"Naja'atu, matso. Ya ba ki saƙo?"

"E, Kawu."

"Me ya ce?"

"Ya ce sau ɗaya ne, da abincin dare."

"Sai me?"

Baba ya buɗe ido ya dube ni. Kai tsaye, cikin ido. A iya tunawata bai taɓa yi ba. Babu faɗa a kallon, jira kawai yake, irin jiran wanda ya tabbata 'yarsa mai ilimi ba za ta ɓoye masa abin da ya shafi lafiyarsa ba. In na ce akwai saura, sai in faɗi sauran da bakina. Sai kuma a tambaye ni ina nake ranar Talata, ina nake ranar Laraba da turmi ya ɓace, ina nake lokacin da ya ratsa sahu uku riƙe da hanci.

"Shi ke nan," na ce.

'Yan uwa, na ga hannun Abdurra'uf ya shiga aljihu. Ya fito da wayar, ya buɗe ta a kan cinyarsa. Daga inda nake ina hango hotona a saman shafin, da saƙonninsa na ranar, da 'yar gajeriyar kalmar nan tawa, "Duka", a ƙasa. Miƙa hannu kawai zai yi, Baba yana da tabarau a kusa. Wallahi wani ɓangare na zuciyata roƙonsa yake ya miƙa, a yi ta ta ƙare.

Ya kashe hasken wayar ya mayar da ita aljihu, bayan biron.

"Wataƙila ni ne ban yi bayanin yadda ya kamata ba. Allah ya huci zuciyar Malam. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ko an daina karɓa daga hannuna, kar a sake daka wannan, kar kuma a sha na wani. A koma wurin likitan da ya rubuta, a tafi masa da kwalin."

Kawu ya ce ai ga shi ya amsa da bakinsa. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi bai ce yaro ya cuce shi da gangan ba, Allah ne masanin zukata. Zai koma kan tsohuwar ƙwayarsa da ya sani, ya haƙura da abin da take yi masa. Gobe kuma zai tara dattawan layi ya ce Malam Manu ya ci gaba da jan salla, domin mihrabi ba wurin mai lalura irin tasa ba ne. Maganar gaisuwa kuwa a dakata tukuna, sai an ga abin da hali ya yi. Na ji Umma ta ja hanci a bayan labule. Kawu ya sa aka shafa fatiha, ya ce in kwashe kayan nan.

Na ɗauki tiren na fito. Maimakon in yi madafa, ƙafata ta kai ni zaure. Na tsaya kusa da tabarmar da ba wanda ya zauna a kai. Ƙwayar tana nan a gindin tambulan, ta kumbura ta kusa ninka kanta, ba ta fashe ba. Ban san me ya sa ba, na tsoma yatsa a ruwan na kai baki.

Ɗaci. Irin na turmin sak. Duk tsawon lokacin da Kawu yake ɗaga ta yana nuna wa mutane, tana sakin maganinta a hankali.

Na ji takunsa. Ya shigo zauren, ya ga tambulan, ya ga yatsana a jiƙe. Ya zura takalmansa da na juya masa. Sannan ya tsaya, fuskarsa tana kallon ƙofa, kamar tsawon karanta Ƙulhuwallahu sau uku. Na san ni yake jira. Ɗakin Baba taku goma ne daga inda nake, Kawu bai ko tashi ba tukuna. Na buɗe baki, ɗacin yana kan harshena.

Ya gyara hularsa ya fita. Bai tayar da babur ɗin a ƙofar gida ba, don ya san Baba ba ya son ƙara. Tura shi ya yi da hannu, ya wuce masallaci inda Malam Manu yake shimfiɗa tabarmin Magariba, ya sha kwana.